"Allah ya ce tashi in taimake ka": to wanda ba ya iya tashi fa?

Maman Tabita (Funtuwa):
Salama a gare ku 'yan'uwa. Wata karin magana ce ta hana ni barci tun ranar Lahadi. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana kwance wata huɗu ke nan da shanyewar ɓarin jiki. Ya haura shekara 70. Yana saurayi ya shiga ajin baftisma bai ƙarasa ba, daga nan ba a sake ganinsa a majami'a ba sai wurin aure ko jana'iza, kuma duk ƙauyenmu an san shi da gidan burkutu. Yanzu shi da bakinsa yake cewa a karanta masa Littafi Mai Tsarki. Wani dattijon ikilisiya ya je duba shi, kawu ya tambaye shi ko Allah zai karɓi irinsa. Dattijo ya ce: "Allah ya ce tashi in taimake ka. Ka fara gyara abin da ka ɓata, sannan ka sa rai." Da na je sai na tarar da shi ya juya fuska bango. Ya ce mini, "'Yar nan, ni da ko bayan gida sai an ɗauke ni, da me zan tashi?" Don Allah ku faɗa mini, wannan karin magana ta dace a maganar ceto?

Habila Ɗan Kafanchan:
Ba ta dace ba, Mama, ko kusa. Da farko ma ba aya ba ce. Mutane da yawa suna ɗauka tana cikin Littafi Mai Tsarki saboda ta fara da "Allah ya ce", alhali maganar Bahaushe ce ta gona da kasuwa, 'yar'uwar "zomo ba ya kamuwa daga zaune". A faɗa wa malalacin da damina ta sauka yana kwance a inuwa, daidai ne. A faɗa wa mai neman ceto, an ɗora masa kayan da Yesu ya riga ya sauke. Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ta bangaskiya, ba ƙoƙarin kanmu ba ne, baiwar Allah ce, don kada kowa ya yi fariya. Aya ta 1 ma cewa ta yi matattu muke cikin zunubanmu. An taɓa ce wa gawa ta tashi a taimake ta? Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Yesu, hannunsa da ƙafarsa a kafe suke. Bai mayar da ko sisi ba, bai shiga ruwa ba. Ya ce a tuna da shi, aka ce masa yau yana Firdausi.

Malam Istifanus, malamin Hausa:
Ɗan'uwa Habila, kafin mu kori karin maganar, mu saurare ta da kyau. Ba ta ce "in ka tashi zan taimake ka" ba. Wannan ce ke da sharaɗi, irin na ciniki. Ta ce "tashi in taimake ka", kamar yadda ake cewa "zo in ba ka" ko "miƙo hannu in ɗago ka". Ku tuna uwa da ɗanta ya faɗi a tsakar gida. Tana cewa "tashi in kakkaɓe ka", amma hannunta ya riga ya kama damtsensa. Niyyar taimakon ta riga tashin. Kuma ka ce ba a ce wa gawa ta tashi, ai Yesu ya ce. Ya ce wa 'yar Yayirus ta tashi, ya kira Li'azaru da ya kwana huɗu a kabari. A Yohanna 5 akwai mutumin da ya shekara 38 ba lafiya a bakin tafkin Betasda, wanda ya ce ba shi da mai sa shi cikin ruwan. Mece ce maganar da Yesu ya yi masa? "Tashi." Ita ce ta ba shi ƙafa. A ganina laifin ba na karin maganar ba ne, na jelar da dattijo ya ƙara mata ne, wato "sannan ka sa rai".

Habila Ɗan Kafanchan:
Malam, nahawunka na yarda da shi. Amma ka je kasuwar Kafanchan ka tambayi mutum goma ma'anarta, duk za su ce maka: yi naka, Allah ya cika. Haka jama'a suke amfani da ita, haka kawu ya ji ta, shi ya sa ya juya fuska bango.

Agnes (Zariya):
Ni 'yar Katolika ce, kuma na san wasu za su ɗauka zan goyi bayan dattijo. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Ba a koya mana a katikisim cewa mutum yana sayen ceto da aiki ba. Alheri ne yake farawa. Abin da muke riƙe da shi shi ne, Allah ba ya jan mutum kamar buhun masara. Yana tada shi, shi kuma yana iya amsawa, yana iya ƙi. Waliyyi Augustine ya yi wa'azi cewa wanda ya halicce ka ba tare da kai ba, ba zai baratar da kai ba tare da kai ba. Kuma ɗan'uwa Habila, ka tsaya a aya ta 9, ka ƙarasa ta 10: an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Yakubu 2:17 ya ce bangaskiya ba tare da aiki ba matacciya ce. A Matiyu 25 tambayar ranar shari'a ita ce wa ka ciyar, wa ka tufatar, wa ka ziyarta a kurkuku. Karin maganar da zan ajiye kusa da wannan ita ce "labarin zuciya a tambayi fuska". Ɓarawon ma da kake faɗa, abin da ya rage masa baki ne, kuma ya yi aiki da shi: ya tsawata wa ɗan'uwansa, ya amsa laifinsa a gaban jama'a.

Rabaran mai ritaya (Numan):
'Ya'yana, gardamar nan ta girme mu duka, kuma a nahiyarmu aka fara yanke ta. Augustine da 'yata Agnes ta ambata bishop ne na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Ya rubuta wata addu'a cewa Allah ya ba da abin da ya umarta, sa'an nan ya umarci abin da ya ga dama. Wani malami mai suna Pelagius da ke koyarwa a Roma ya ji addu'ar bai ji daɗinta ba. A ganinsa, tunda Allah ya umarce ka, to kana da ƙarfin yi, kada ka fake da rauni. Ba mugun mutum ba ne, sakacin Kiristocin zamaninsa ne ya dame shi, kamar yadda na tabbata ya dami dattijon nan. Amma taron bishop-bishop a Carthage, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ƙi koyarwarsa a shekarar 418. Ku duba, "tashi in taimake ka" yadda kasuwa take fahimtarta ita ce maganar Pelagius. Yadda Malam Istifanus ya karanta ta kuwa ita ce addu'ar Augustine.

Maganar ta sake tashi a 1517 lokacin da Martin Luther ya yi tsayayya da sayar da takardun yafe horon zunubi a Jamus. Katolika suka amsa a taron Trent, kuma a 1547 su ma suka rubuta cewa babu abin da ya riga baratarwa, ko bangaskiya ko aiki, da ya cancanci wannan alherin. Duk da haka aka rabu, aka la'anci juna. Sai ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a takarda ɗaya: ta alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceton Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu, ya ba mu Ruhu Mai Tsarki da ke sabunta zuciya, ya kira mu ga ayyuka nagari. Methodist suka shiga a 2006. Ikilisiyarmu ta LCCN, wato ikilisiyar Lutheran ta Nijeriya, tana cikin wannan tarayya, har Akbishop ɗinmu Musa Panti Filibus ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2023. Bambanci bai ƙare ba, musamman kan sakaramen da kan ko mutum zai iya tabbata da cetonsa. Amma a kan wa yake fara miƙa hannu, Habila da Agnes suna tsaye wuri ɗaya.

Maman Tabita, akwai abin da nake so ki faɗa mana in ba sirri ba ne. Da dattijo ya ce ya gyara abin da ya ɓata, burkutu yake nufi, ko akwai wani abu?

Maman Tabita (Funtuwa):
Akwai, Baba. Na yi nauyin baki ne. Da ƙaninsa ya rasu ya bar yara ƙanana, kawu ya riƙe gonar fadamarsu da sunan zai noma musu. Yau shekara fiye da 20, yaran sun girma, bai mayar ba. Babbansu ko gaisuwar rashin lafiya bai zo ba.

Baba Ayuba (Malumfashi):
To kun ji. Ni ma dattijon ikilisiya ne, kuma ba zan bari a yi wa ɗan'uwana hukunci a bayan idonsa ba. Ya san gonar, ku ba ku sani ba. Mun gaji da ganin mutum ya ci haƙƙin marayu, ya ɗaga hannu a taron farkawa, a ce masa shi ke nan. Marayun suna kallo, kuma gobe ka je musu da bishara su ce maka sun ga irinta. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 5, in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Tuban da bai taɓa gona ba, tuban muzuru ne. Kawu ba ya iya tashi da ƙafa, amma bakinsa yana motsi. Kalma ɗaya ce gonar ta koma.

Habila Ɗan Kafanchan:
Baba, ranka ya daɗe, ban ce ya riƙe gonar ba. Ya mayar yau ma. Abin da nake ƙi shi ne a mai da gonar kuɗin shiga. In ya mayar don ya sayi gafara, gobe zai tambaya ko ta isa, ko sai ya biya amfanin shekara 20, ko sai ya nemo duk wanda ya zaga yana cikin maye. Ina ƙarshen lissafin? Tun a Ayyukan Manzanni 15 wasu suka ce ba ceto sai da kaciya, manzanni suka taru a Urushalima, Bitrus ya ce kada a ɗora wa almajirai karkiyar da kakanni ma suka kasa ɗauka. A sura ta 16, mai tsaron kurkuku a Filibi ya tambayi Bulus da Sila me zai yi ya sami ceto, aka ce ya gaskata da Ubangiji Yesu.

Agnes (Zariya):
Kuma a daren nan ya wanke musu raunuka, aka yi masa baftisma shi da gidansa, ya kawo musu abinci. Aya ta 33 da 34. Ba a raba su ba.

Saratu (Maraɗi):
Ina karantawa tun ɗazu ban sa baki ba. Ni ba malama ba ce, a zumuntar mata kawai nake. Amma labarin kawu ya tuna mini da Zakka mai karɓar haraji a Luka 19. Shi ma ya ci haƙƙin mutane, duk Yariko sun sani. Yesu bai tsaya ƙarƙashin itacen ya ce masa ya biya tukuna ba. Cewa ya yi ya sauko da sauri, yau a gidansa zai sauka. Jama'a suka yi gunaguni kamar yadda Baba Ayuba yake jin ciwo, kuma suna da dalili. Sai da Yesu ya shiga gidan, sa'an nan Zakka ya miƙe tsaye da kansa ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Babu wanda ya yanka masa farashi. Sa'an nan Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Baba, gonar tana cikin labarin, ba a manta da ita ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, don haka mai miƙawa ya duba abin da ke hannunsa. Kawu ya tambayi ko Allah zai karɓe shi. Wannan tambayar tana da amsa, a fara ba shi ita.

Baba Ayuba (Malumfashi):
'Yata Saratu, na karɓi Zakka. Amma a karanta masa har ƙarshe, kada a tsaya a "sauko". Kuma har yanzu ba zan daina faɗin karin maganar ga samarin da suka gama makaranta suna zaune a bakin titi ba.

Malam Istifanus, malamin Hausa:
A can kam wurinta ne, Baba.

Maman Tabita (Funtuwa):
Na gode muku duka. Na je jiya Asabar da yamma. Na karanta masa Luka 19 daga aya ta 1 zuwa ta 10, ban ƙara komai nawa ba, ban ambaci fadama ba. Ya ce in maimaita wurin da Yesu ya kira shi da sunansa, na maimaita. Ya yi shiru har na ɗauka barci ya kwashe shi. Can sai ya ce a aika a kira masa ɗan ƙaninsa, a kuma kira mai unguwa ya zama shaida. Ya ce yana so ya ƙarasa ajin baftismar da ya bari. A ikilisiyarmu nutsarwa ake yi, shi kuwa ba ya ko zama sai an tallafe shi, don haka na kai wa fastonmu maganar, ya ce zai zo ranar Alhamis tare da dattijon nan su gan shi. Ɗan ƙanin nasa yana Kaduna, an kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Ku sa shi a addu'a, shi ma abin da aka yi masa ba ƙarami ba ne.