Wane suna za mu raɗa wa wannan 'yar agwagwa mai nutso?

Jama'a, ku zo mu yi shawara. Cikin hunturun nan na ga wata 'yar agwagwa a tafkin Kware, ta ware gefe guda nesa da garken kirinjijiya. Jikinta ja ne mai duhu kamar lallen da ya kama sosai, ƙarƙashin wutsiya fari fat, ido ma fari. Ina cikin kallo ta ɓace cikin ruwa, sai can ta ɓullo kusa da bado.

Na tambayi wani dattijo masunci, na ce, "Baba, yaya sunanta?" Ya ce, "Wagga? Mai nutso ce." Iyakar abin da ya ba ni ke nan.

Turawa suna ce mata ferruginous duck, masana kuma Aythya nyroca. Baƙuwa ce. Tana ƙyanƙyasa daga gabashin Turai har tsakiyar Asiya, musamman fadamun kogin Danub a Romaniya. In sanyi ya tsananta sai ta ƙetaro Sahara zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, Tafkin Chadi da fadamun Mali. Tsawonta kamar santimita 40. A ƙasan ruwa take kiwo, tana cin 'ya'yan tsirrai da ƙwari. Yawanta yana raguwa saboda busar da fadamu da farauta, abin da ya sa rashin sunan ya dame ni: yaya za ka ce wa maharbi ya ƙyale tsuntsun da ba ka iya ambata?

Kalmar Turancin tana nufin launin tsatsa. Amma "agwagwa mai tsatsa" sai ka ce tsohon kwano ake nufi. Na ajiye ta.

"Mai farin ido" ta so ta zauna min, sai dai namijin ne kaɗai ke da shi. Idon macen ruwan ƙasa ne, ka ga an bar ta a waje.

Ga inda na tsaya: nutsau. Yadda muke cewa mantau ga mai yawan mantuwa, makarau ga mai yawan makara. Nutsau ta zama sunan duk agwagwar da ke kiwo ta hanyar nutso, wannan kuma jar nutsau. Gajere ne, yaro ma zai riƙe.

Sarkawan Argungu da Yawuri, da mutanen Wurno da Goronyo, in akwai sunan da kuka gada, ku kawo shi. Zan janye nawa nan take.