Tsohuwar laftof a shagon taifin: in koma Google Docs ko in tsaya kan manhajar cikin kwamfuta?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon taifin kusa da Jami'ar Jihar Gombe, yawancin aikin furojet ɗin ɗalibai ne da katin gayyata. Laftof ɗin HP EliteBook 840 G2 ce, RAM 4GB, Windows 10. Ta yi nauyi ƙwarai, ga Word kullum yana kukan lasisi. An ba ni shawarar in koma Google Docs tunda kyauta ne. Zai ɗauki aikin shago kuwa? Sannan yaya ake buga haruffan Hausa masu ƙugiya ba sai an kwafo su daga waya ba?

Injiniyan Pantami:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin maganar manhaja a duba ƙarfen tukuna. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. In ka ga Disk yana maƙale a 100% alhali ba ka buɗe komai ba, to faifan ajiyar ne, irin mai juyawan nan, HDD. Cire shi ka sa SSD, faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, na SATA mai inci 2.5, 256GB ya ishe ka. Wannan kaɗai zai sa ka ɗauka sabuwa ka saya.

Sai RAM. Wannan samfurin ramuka biyu gare shi, kuma DDR3L yake ci, mai 1.35V. DDR4 ba zai ma shiga ramin ba. Abin tsoro shi ne DDR3 zalla mai 1.5V: zai zauna daram, amma tana iya ƙin tashi. Ka duba takardar jikinsa, ka ga an rubuta PC3L. Ƙara 4GB ta zama 8GB, ka kuma tabbata Windows ɗinka 64-bit ne, don 32-bit ba ya amfani da abin da ya haura 4GB. Tunda an buɗe ta, a hure ƙurar hunturu daga fanka, kafin zafin Maris ya zo ta riƙa kashe kanta.

Windows 11 kuma ka cire rai. Sai Intel zubi na 8 zuwa sama yake karɓa a hukumance, taka zubi na 5 ce. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 10 ɗin tana aiki, faci na tsaro ne babu sai ga wanda ya shiga ESU, shirin Microsoft na tsawaita facin tsaro.

Malamar Bolari:
Ɗan'uwa, Google Docs ba na shagon taifin ba ne, ni dai a ganina. A cikin burauza yake zaune, ita kuwa Chrome cin RAM gare ta, furojet mai shafi 80 da tebura zai riƙa tafiyar hawainiya a 4GB. In sabis ya ɗauke, aiki ya tsaya, sai fa in ka riga ka kunna Offline a saitin Drive tun da sauran intanet. Babbar matsalar ma ita ce shafukan farko na furojet, su sadaukarwa da godiya, da ake so da lambobin i, ii, iii. Docs ba ya ba ka su kai tsaye.

Inda yake da amfani: ajiya da aikin haɗin gwiwa. Kowane asusun Google yana da 15GB kyauta, Gmail da Drive da Photos suna rabawa. Kullum da yamma ka tura ayyukan ranar can, ko laftof ta mutu ba ka shiga uku da ɗalibai ba.

Na yau da kullum ka sauke LibreOffice, kyauta ne, ba ya neman intanet. Da ka sa shi, je Tools, Options, Load/Save, General, ka mayar da ajiyar takardun rubutu zuwa docx, tsarin Word, in ba haka ba nasa tsarin, odt, zai riƙa yi. Akwai kuma WPS Office, ya fi kama da Word a ido, sai dai na kyautan talla gare shi.

Na Jekadafari:
Malama, a nan kam ban bi ki duka ba. Ɗalibi da docx yake zuwa, malaminsa kuma da Word zai buɗe. LibreOffice yakan ɗan gusar da tebur ko ya tura layi zuwa wani shafin, sai lambobin da ke jerin abubuwan ciki su daina dacewa. Wanda sana'arsa ke nan, in da hali ya sayi Office 2024, biya ɗaya ne ba na wata-wata ba. In babu, a yi da LibreOffice ɗin, amma a fitar da PDF a duba shafi-shafi kafin a tura firinta. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne manhajojin fasa lasisi. Sai sun ce ka kashe Windows Defender kafin su yi aiki, ka ga ka buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunka.

Filashin kwastoma ma hanya ce. In ka sa ka ga fayiloli duk sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ka danna ko ɗaya. Ba gogewa aka yi ba, ɓoye su aka yi. Ka fara bincika filashin da Defender, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sauya E da harafin filashin. Za su dawo.

In da wayarka kake ba ta intanet, kunna Metered connection a saitin Wi-Fi, kada Windows ya shanye maka data.

Malamar Bolari:
Na yarda da batun PDF, Yallaɓai. Na manta da haruffa. A Word, rubuta 0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ. Manyansu: 0198, 018A, 0181. LibreOffice ma yana yi. Tarkon shi ne in harafin da ya zo kafin lambar a, b, c, d, e ko f ne, kamar a kalmar baƙi, sai ya haɗe shi da lambar ya fito da wani abu daban. Maganinsa ka rubuta U+0199. Mai yawan rubutun Hausa gara ya ƙara allon madannan Hausa a saitin Language na Windows.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, in na sa SSD, kwafe tsohon Windows ɗin zan yi ko sabo?

Injiniyan Pantami:
Sabo, don kwafi da dattinsa yake tahowa. Nemi filashi 8GB wanda babu komai a kai, don za a goge shi, ka sa masa Windows da manhajar Media Creation Tool ta Microsoft. Wajen kunnawa ka riƙa danna F9 ka zaɓi filashin. Tsohon faifan kuma kada ka yar, saya masa gida mai USB ka kwashe fayilolinka, sannan ya zama wurin ajiya na biyu.