Mu uku za mu haɗa jari a injin casar shinkafa: rajistar suna ko kamfani?

Mai Tambaya daga Daura

Assalamu alaikum. Ni da aminina da wani ɗan baffana muna shirin kafa ƙaramin injin casar shinkafa a nan Daura. Ni zan zuba naira miliyan 6, aminina miliyan 3, shi kuwa ɗan baffan nawa ba shi da kuɗi, amma ya shekara da yawa yana aikin inji a Kano, kuma shi ne zai tsaya a wurin dare da rana. Wani ya ce mu yi rajistar sunan kasuwanci kawai domin ta fi araha, wani kuma ya ce sai dai kamfani.

Abin da ya sa na damu shi ne abin da ya faru a gidanmu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi fataucin hatsi tare da wani amininsa fiye da shekara ashirin ba tare da rubuta komai ba. Ranar da aka zo ƙidayar dukiya domin rabon gado, abin da muka samu shi ne wani littafin lissafi da aka rubuta da fensir, rabin shafukansa sun goge, da sito cike da buhunan gero waɗanda babu mai iya cewa na wane ne. Har yau gidajen biyu ba sa gaisawa yadda suka saba. Ba na son 'ya'yana su ga irin wannan, saboda haka ina neman masana su yi mana bayani.

Lauya daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa mahaifinku. Dokar da ke tafiyar da wannan sha'ani ita ce Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sanya wa hannu a watan Agustan 2020 ta maye gurbin ta 1990, kuma Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ce ke yin rajista.

Rajistar sunan kasuwanci suna kawai take kare muku, ba ta raba dukiyarku da ta sana'ar. A idon doka ku ukun nan ku ne kasuwancin, kuma kowane ɗayanku wakilin sauran ne. Idan ɗan baffanka ya karɓi shanshera bashi daga manoma da sunan injin, aka kasa biya, masu bin bashi suna da ikon su bi ka har kan gidanka da gonarka, ko da ba ka san lokacin da aka ci bashin ba. Abin da ya fi wannan ba mutane mamaki shi ne ƙa'idar haɗin gwiwa da muka gada daga dokar Ingila ta 1890: idan babu wata yarjejeniya tsakanin abokan tarayya, raba daidai ake yi da riba, ba a duba wanda ya fi zuba kuɗi, kuma mutuwar mutum ɗaya tana warware tarayyar.

Kamfani kuwa, wato mai Ltd a ƙarshen sunansa, doka tana ɗaukarsa tamkar mutum mai zaman kansa. Shi ke mallakar inji da fili, shi ke cin bashi, shi ake kai ƙara, kuma asarar mai hannun jari ba ta wuce abin da ya ɗauki nauyin zubawa. Mafi ƙarancin hannun jarin da kamfani mai zaman kansa zai fitar naira 100,000 ne, mambobinsa kada su wuce 50, har mutum ɗaya ma yanzu yana iya kafa nasa. Dokar ta kuma zo da tarayya mai iyakantaccen alhaki, LLP, amma a ganina mai injina da ma'aikata da niyyar neman rance kamfani ya fi dacewa da shi.

Malamin Fiƙihu daga Daura

Bayanin Barista ya gamsar, sai dai akwai ɓangaren da bai kamata Musulmi ya tsallake ba. Abin da ke tsakaninka da amininka shi ne tarayya a dukiya, kuma a mazhabar Malikiyya riba da faɗuwa suna bin gwargwadon abin da kowa ya zuba, wato kashi biyu naka, kashi ɗaya nasa. Ka ga ke nan raba daidai da dokar Turawa ke yi idan an yi shiru ya saɓa wa wannan, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin rubutawa.

Ɗan baffanka shi ne wurin da aka fi samun tuntuɓe. Idan da ciniki ne zalla, ku ba shi kuɗi ya juya, da sai a ce ƙiradi ne: a yanka masa wani kaso sananne na riba, kamar sulusi ko rubu'i, ba wani adadin kuɗi tsayayye ba, faɗuwa kuma tana kan masu uwar kuɗi matuƙar bai yi sakaci ko ha'inci ba. Tun da aikin inji ne na yau da kullum, abin da ya fi tsabta shi ne ku yanka masa albashi sananne. Abin da ba na so shi ne a ce masa “ai kai ma naka ne” a bar maganar a haka, domin wannan kalma mai daɗi ita ce ke zama shari'a bayan shekara biyar. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka kada kunya ta hana ku neman takarda a tsakaninku.

Hajiya Mai Kamfanin Man Gyaɗa, Katsina

Ɗana, ni na yi rajistar kamfani, kuma ban yi nadama ba, amma kada ka ɗauka takardar shaida ita ce ƙarshen aiki. Kowace shekara sai an miƙa wa CAC rahoto, ni kuwa na yi sakaci shekara biyu sai da na biya tara. Sannan ranar da na je neman rance, bankin bai tsaya ga sunan kamfani ba, sai da na sa hannu cewa ni da kaina na tsaya wa bashin, kariyar da ake faɗa kuwa ba ta aiki a kan bashin da ka lamunta da hannunka. Ku buɗe asusun kamfani daban, kuma kada kowa ya sa hannu a aljihun injin domin cefanen gida.

Mai Tambaya daga Daura

Allah ya saka muku da alheri. Barista, saura abu ɗaya: idan ɗayanmu ya rasu, magada za su iya cewa a sayar da injin a raba?

Lauya daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

A kamfani ba za su iya ba, domin injin ba na mamacin ba ne, na kamfani ne. Abin da ke shiga gado shi ne hannun jarinsa, kuma shi za a raba wa magada bisa shari'ar Musulunci, aiki kuwa ya ci gaba. Ku sa a cikin dokokin kamfanin cewa duk wanda zai sayar da hannun jarinsa, har da magaji, sai ya fara tallata wa sauran mambobi, ku kuma fayyace yadda za a ƙiyasta farashinsa. Idan kuna son ɗan baffanka ya zama mai hannun jari ban da albashinsa, doka ta yarda a biya hannun jari da abin da ba kuɗi ba, amma a rubuta adadinsa da sharuɗɗansa tun yanzu, Malam ya duba ta fuskar fiƙihu kafin kowa ya sa hannu. Fili da injin kuma a saye su da sunan kamfanin, kada rasit ya fito da sunanka don kawai kai ne ka je Kano ka biya kuɗin.