Atifisa: me za mu kira shi da Hausa?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kalma ɗaya ce ta hana ni sakat tun makon jiya, na kawo ta gabanku: atifisa, sunan wata sana'a a sojan ruwa.

Autanmu ya shiga sojan ruwa. Ya gama horon kurata na kusan wata 6 a Onne ta jihar Ribas, yanzu yana kwalejin injiniyancin sojan ruwa da ke Safele a jihar Delta. Ranar da ya kira gida, bayan sun gaisa da Inna, ta juyo gare ni, ba ta ambaci sunana ba don ni ne ɗan fari, ta ce, "Kai, shi wane aiki aka ba shi a can?" Na ce atifisa ne. Ta ce, "Ati me?" Na ce bakanike. Ta yi jim, sannan ta ce, "Bakanikancin ne sai an je bakin teku? Ba shi yake yi a gindin dalbejiyar nan ba?"

Ta kuwa faɗi gaskiya. Tun yana sakandare shi ke kwance injin ban-ruwa na masu noman rani a fadamarmu ta gefen Ringim, ya wanke kafireto, ya sauya fulogi, kafin la'asar ruwa ya koma kan albasa. Amma wanda aka ɗauke shi yi yanzu ya wuce wannan, ni kuma na rasa kalmar da zan nuna mata tazarar.

Kada a ce neman suna kawai nake. Yaranmu kan je shagon intanet a gari su cike fom ɗin shiga sojan ruwa, a jero musu sana'o'i da Turanci, sai yaron da ke kan kwamfuta ya zaɓa musu wadda hannunsa ya faɗa. Akwai masu sadarwa, masu kula da sito, masu girki, ma'aikatan asibiti, 'yan kwana-kwana, 'yan badujala. Akwai wanda suke kira raita, wanda ba marubuci ba ne, akawu ne mai lissafin albashi da takardu. Abin da ka zaɓa a wannan zama na minti 10 shi zai bi ka shekaru. Yaro ba zai zaɓi abin da ba shi da suna a bakinsa ba.

Da na shiga tambayar mutane, wanda ya fara ba ni amsa ya ce, "Malam, a bar shi a bakanike, kowa ya san shi." Ba zai yiwu ba. A fom ɗin kansa gurbin bakaniken injin jirgi daban yake da na atifisa. Shi bakanike da takardar sakandare ake ɗaukarsa, atifisa kuwa sai da difloma. In mun ba su suna ɗaya mun koma gidan jiya.

Wani ya ce injiniya. Wannan na hafsa ne. Autanmu ba hafsa ba ne, ba kuma na son Inna ta riƙa faɗa wa mata a gidan suna abin da ba shi ne ba.

Shawarar da ta fi daɗe a raina ita ce ta wani malamin Hausa da ya koyar da ni a aji uku. Ya ce, "Ɗana, maƙerin jirgi." Hujjarsa mai ƙarfi ce: asalin kalmar atifisa daga Latin take, ma'anarta mai yin abu da fasahar hannu. Sojan ruwan Ingila sun buɗe wannan gurbi a 1868, lokacin da jiragen tururi ke ture masu tafiya da iska, suka ɗebo maƙera da masu aikin ƙarfe suka zuba a ɗakin inji. Ga shi kuma har yau atifisa yakan ɗauki guntun ƙarfe ya fiƙe shi a inji ya fitar da madadin abin da ya lalace, don a tsakiyar teku ba za ka aika yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya sayo maka ba. Allah ya gafarta Malam, na ji daɗin wannan, amma Bahaushe in ya ji maƙerin jirgi, wanda ya ƙera jirgin zai fahimta. Kuma muna da su: a ma'aikatar sojan ruwa ta Legas aka ƙera jirgin Andoni a 2012, aka ƙera Karaduwa a 2016, aka ƙera Oji a 2021. Waɗancan su ne maƙeran jirgi, kada mu ƙwace musu suna. Ban da haka, a wajenmu ƙira gado ce, tana da gidanta da sarkinta.

Sai na koma na tambayi shi mai aikin, me ake koya muku? Ya ce, "Yaya, jirgi gari ne guda." Shi ke ba kansa wuta da janareta, shi ke tace ruwan gishiri ya zama na sha, da ruwan tekun ake sanyaya inji, gishirin kuma kullum cin ƙarfe yake. Ana sa su bin bututu da ido da hannu, daga tanki har inji, su zana shi a takarda da ka, kowane famfo a gurbinsa. Mai tsaron ɗakin inji yana duba zafin inji da ƙarfin bugun baƙin mai yana rubutawa, dole ya gane lalacewa tun daga lamba, kafin kunne ya ji ta. Ya ce jarrabawar farko ta ba shi kashi. In an ajiye masa inji zai tayar, amma a ce rubuta dalilin da ya sa ya mutu, da lissafinsa, sai alƙalami ya tsaya. Abin da ya cece shi, ya daina jin kunyar cewa bai gane ba, ya haɗu da wasu mutum uku suna bita bayan isha'i, kowa ya yi wa sauran bayanin darasin ranar da bakinsa. Wanda ya kasa faɗa, bai iya ba tukuna.

Da ya faɗi haka sai tsangaya ta faɗo mini. Kolo, titibiri, gardi, malam, alaramma, gwani. Ba a zama gwani don an iya karantawa. Sai an san inda kowace aya take, da mai kama da ita, da abin da ya raba su, a kuma rubuta da ka. Hannu da kai tare. To ga abin da nake ba da shawara: gwanin inji. Jam'i, gwanayen inji. Kalmar tana haihuwa, don atifisa ba iri ɗaya ba ne: na wutar makamai ya zama gwanin lantarkin makamai, na jiragen sama gwanin injin jirgin sama.

Wani dattijo ya ja kunnena, ya ce gwani na Alƙur'ani ne, kada a sauke shi ɗakin baƙin mai. Baba, na karɓi wannan da girmamawa. In aka ce Gwani kawai, ba a jingina shi da komai ba, na Alƙur'ani ne, ba mai taɓa shi. Amma tun kaka da kakanni muna cewa gwanin saƙa, gwanin gini, gwanin iyo, ba wanda ya ga raini a ciki.

Sukar da ta fi kama ni ita ce ta wani tsohon sojan ruwa daga Gumel: yaron da bai gama kwas ba, ya za a ce masa gwani? Gaskiya ne. Na Safele ɗalibin gwanintar inji ne, sai ya ci jarrabawarsa ya hau jirgi ya riƙe tsaro shi kaɗai sannan sunan ya zauna masa.

Haka na faɗa wa Inna daren jiya, ta ce, "To, Allah ya kai shi." Ranar Juma'a zan rubuta sana'o'in fom ɗin duka da Hausa a takarda, in manna a shagon mai shayi inda samari ke zama. Saura biyu da ban samo ba: mai aikin saman jirgi, na igiya da anga da sitiyari, da kuma mai auna zurfin teku yana zana taswirarsa. Matuƙi bai isa na farkon ba. Wanda ke da kalma ya kawo kafin Alhamis.