Fitar matasan ikkilisiya don fahimtar talauci: ina za mu kai su?

Sakataren Matasa, Sabon Gari, Zariya

Salama, iyaye da 'yan'uwa. Zumuntar matasanmu na shirin fitar yini ɗaya a hutun Disamba, mutum 30, daga 'yan shekara 14 zuwa 20. Dattawa sun ce ba yawon shan iska suke so ba, a kai su inda za su gane talauci da abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa kan adalci. Bayan kuɗin mota, abin da ya rage zai sayi buhu biyu na masara. Ƙauye za mu nufa ko cikin gari? Kuma yaya ake rabo ba a zubar wa kowa da mutunci ba?

Dattijo daga Wusasa

Ɗana, ku zaɓi ƙauyen da ke da majami'arku ko mai bishara da ya san gida-gida. Mutum biyu su riga ku zuwa da mako biyu, su gaida mai unguwa, su gaida liman in garin haɗe yake. Hanya kuwa, a sake tambayar lafiyarta ana gobe tafiya, musamman ɓangaren Giwa, labarin makon jiya ba ya aiki. Bas biyu masu cin mutum 18, babba ɗaya kan yara shida, takardar amincewar iyaye da lambar waya. Ku tashi ƙarfe 7, ku baro can kafin ƙarfe 3.

Abin da ya fi masarar muhimmanci shi ne tambayar da yaran za su yi. Disamba kaka ce, za su ga rumbu da hatsi su ce ai babu yunwa. Su tambayi manomi: buhu nawa ka samu, nawa ya tafi biyan bashin taki? Da yawa kan ci bashin taki a Yuni, su biya da hatsi da kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Kafin Agusta rumbu ya ƙare, sai su koma sayen hatsin da suka sayar, da tsada. A daidai lokacin ne maigida ke barin gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani don a ɗora tukunya, ciyawa ta cinye tasa, amfanin baɗi ya ragu, a sake cin bashi. Yaron da ya bi wannan lissafin da alƙalaminsa ba zai ƙara cewa lalaci ne ba.

Mama Zumunta, Samaru

Baba ya gama magana kan hanya. Rabo dai, kada ku kuskura ku buɗe buhu a fili. Wawaso za a yi, masu ƙarfi su kwashe, gwauruwar da kunya ta hana fitowa ta tashi a tutar babu. Buhu mai kilo 100 kusan tiya 40 ne, biyu tiya 80 ke nan. Ku ɗaure tiya huɗu-huɗu tun daga gida, gida 20. Matan zumuntar can su fitar da sunaye, su suka san gidan da ba a hura wuta jiya ba, kuma su ne za su kai da yamma bayan kun tafi. Kada a ware Musulmi daga jerin, kada kuma a haɗa kyauta da wa'azi.

Wayoyi su zauna a jaka. Mutum ɗaya ya ɗauki hoto, da izini, ban da hoton mai karɓa. Magani kuwa ko farasitamol kada a raba in babu ma'aikacin lafiya.

Malamin Makarantar Lahadi, Tudun Wada

Ni ban ga dole sai ƙauye ba. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wato wajen 2,300 a yini. Ku raba yaran gida biyar, ku ba kowane rukuni wannan kuɗin, ku sake su a kasuwar Sabon Gari su sayo cefanen iyali mai mutum shida: gari, kayan miya, manja, gawayi. Su dawo su faɗi abin da suka bari da dalili. Nama ne ke fara fita, sabulu ya biyo baya, ba a ma zo kan kuɗin makaranta ba.

Karatun dare ana gobe fita, ku ɗauki Littafin Firistoci 19:9-10, inda aka hana mai gona girbe gefen gonarsa, aka ce ya bar kala don matalauta da baƙo. Yaranmu sun san kala. Ku tambaye su: sadaka ce ko haƙƙi? Sai ku haɗa da Yakubu 5:4 kan ladan masu girbi da aka danne.

Dattijo daga Wusasa

Malam, a yi kasuwar ranar Juma'a da safe, kafin a rufe shaguna a tafi masallaci, ƙauyen kuma ranar Asabar. Sakatare, ku tafi da ruwanku da abincinku har da na masu masauki, in ba haka ba za su yanka muku kazar da suke ajiya don Kirsimeti.