Ɗana soja yana kwance ba lafiya, kuma labarinsa ya yanke

Uban Soja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin soja, da kuma iyayen da suka taɓa shiga irin halin da muke ciki. Ɗana yana bakin daga wata bakwai ke nan, kuma kwana goma sha ɗaya da suka wuce wani abokin aikinsa ya kira ni ya ce zazzaɓi ya kwantar da shi har an ɗauke shi zuwa asibitin sansani. Tun daga ranar wayarsa ba ta shiga, shi ma abokin an tura su gaba. Mahaifiyarsa ta daina barci, matarsa da 'ya'yansa biyu suna hannuna, kaya sun yi tsada, ga jita-jita tana shigo mana gida kullum ta waya. Duk tsawon watannin nan harsashi nake jiye masa, ban taɓa kawo ciwo a raina ba. Shin wannan shirun alama ce ta wani abu da ake ɓoye mana? Idan kuma na samu hanyar aika masa saƙo, in gaya masa gaskiyar halin gida ko in rufe?

Tsohon Ma'aikacin Jinya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya ba shi lafiya. Na yi aikin jinya a cikin soja, kuma abin da na sani shi ne ba a barin marar lafiya a wuri ɗaya: ana fara duba shi a rundunarsa, idan jikin ya ƙi a miƙa shi asibitin sansani, idan ana bukatar gwaji ko doguwar jinya a sake kai shi wani asibitin da ke nesa da bakin daga, kuma sau da yawa kayansa, har da wayarsa, suna nan inda aka fara ɗaukarsa. Mummunan labari kuwa yana da tasa hanyar, domin hukuma takan sanar da wanda sojan ya rubuta a takardunsa a matsayin makusancinsa. Ku bincika ko ku ya rubuta ko matarsa, sannan ku je barikin da rundunarsa ta tashi da lambarsa ta aiki, da muƙaminsa, da sunan rundunar. Tambaya da suna kaɗai ba ta cika kai mutum ko'ina ba.

Malamin Tarihi ya amsa:

Baba, tsoron ciwo da ya zo muku a makare shi ne babban tsoron iyayen sojoji a da, kuma suna da hujja. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su, musamman atini da zazzaɓin taifot, saboda ƙazamin ruwa da cunkoson sansani. Haka Florence Nightingale, mai jinya 'yar Birtaniya, ta tarar a asibitin sojoji na Scutari da ke Turkiyya lokacin da ta isa da mata 38 masu jinya a 1854, kuma ita da kanta ta riƙa rubuta wa iyayen marasa lafiya wasiƙu. A ƙasar Burma ma, a 1943 lokacin yaƙin duniya na biyu, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da sojoji fiye da yadda Japanawa suka raunata, har Janar Slim na sojan Birtaniya ya kai ga tuɓe kwamandojin da mutanensu ba sa shan maganin rigakafi. Na kawo wannan ne don ku ga cewa rundunoni sun sha wuya kafin su koyi darasi, shi ya sa a yau ake gaggawar janye mai zazzaɓi daga filin daga.

Game da ƙarancin labari kuwa, a yaƙin duniya na farko sojojin Birtaniya suna da wani kati da aka riga aka buga jimloli a kansa, kamar cewa lafiyata ƙalau, ko an kwantar da ni a asibiti kuma ina samun sauƙi. Soja sai ya soke waɗanda ba su shafe shi ba, idan kuma ya ƙara kalma ɗaya ta kansa a lalata katin. Da wannan ɗan layi iyaye suke kwana suna tashi. Ni a ganina kada ku gaya masa damuwar gida, domin mai jinya ba ya bukatar ƙarin kaya.

Uwar Biyu ta amsa:

Malam, na ƙaru da tarihin, amma ban yarda da ƙarshen maganarka ba. 'Ya'yana biyu ne a soja, kuma da na rubuta wa babban cewa komai lafiya lau alhali ya san yadda ƙasa take, sai ya ɗauka akwai abin da muke ɓoyewa, ya ƙara tayar da hankalinsa. Yaya, ka gaya masa gaskiya daidai gwargwado: cewa iyalinsa suna wurinka, abinci bai yanke ba ko da an rage, ƙaramin ya fara tafiya idan ya fara. Irin waɗannan ƙananan labarai su ne suke nema. Bashi da saɓanin cikin gida kuwa su jira shi ya miƙe. Ita kuma mahaifiyarsa, a rage mata duba waya da dare, kuma a haɗa ta da surukarta su riƙa kwana ɗaki ɗaya, domin ni abin da ya riƙe ni ke nan.

Uban Soja ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Na tambayi matarsa, ashe ita ya rubuta, kuma lambar wayar da ya bayar tsohuwa ce da ta ɓata tun bara. Ta samo lambarsa ta aiki a cikin takardunsa, gobe da safe za mu tafi barikin tare, in Allah Ya yarda.