Joker ko Gabbar: wa ya fi iya mugunta a fim?

Lawali: Jama'ar fada, maganar da muka fara jiya a gindin shayi ba ta ƙare ba. Ni dai na ce ba a taɓa bos irin Joker na Heath Ledger ba. Ya rasu a Janairun 2008 yana da shekara 28, fim ɗin, The Dark Knight, ya fito bayan wata shida, a 2009 aka ba shi Oscar yana kabari. Wa ke ja?

Kawu Habu: Ni ke ja, ɗana. Ka ga Sholay kuwa?

Lawali: Na ga fassararsa, Kawu.

Kawu Habu: To ba ka gan shi ba. Mai fassara ya ɗora muryarsa bisa ta Amjad Khan da ya fito a bos Gabbar, alhali rabin Gabbar murya ne. Ka nemi na asali, na 1975. Akwai inda yaransa uku suka dawo hannu biyu. Da farko bai daka tsawa ba. Ya harba harsashi uku sama ya bar uku a bindiga, ya juya, ya ɗora wa kowane a ka ya danna, duk suka tsira. Ya fashe da dariya, su ma suka kama dariya, mu ma da ke bisa benci muka saki jiki. Nan take ya harbe su duka. Wallahi mai gyaɗar da ke kusa da ni sai da ta kifar da tirenta.

Rabi: Kawu, a gafarce ni, amma kun manta Mogambo. Amrish Puri, a fim ɗin Mr. India, 1987. Mutumin da ke ba sojojinsa umarni su faɗa ramin asid, su faɗa!

Isuhu: Rabi, Mogambo na yara ne, gashin zinari da zobba. Tsoronsa da daɗi, kamar Dodo a tatsuniya. Amrish Puri ya fi ban tsoro in ya fito uba mai zare ido, ba bindiga ba komai.

Rabi: Har Amurka suka ɗauke shi a Indiana Jones a 1984, kai kana nan Zariya kana raina shi.

Lawali: Kun kauce. Gabbar ɗan fashi ne, an san abin da yake so: hatsi da ramuwar gayya. Joker fa? Ya tara kuɗi kamar dalar gyaɗa ya cinna musu wuta. Mugun da ba ya son komai, da me za ka lallashe shi? Ga lasar leɓen nan, ga labarin tabon bakinsa da yake sauyawa kowane lokaci. Sannan ina kyautar Gabbar?

Kawu Habu: Kyauta? Sholay kaf ɗinsa kyautar Filmfare ta Indiya ɗaya ya samu a shekararsa, ta tace hoto. Amma yau shekara hamsin, in mutum ya cika zalunci a unguwarmu Gabbar muke ce masa. Wa aka taɓa kira Joker a Mokoyo?

Isuhu: Akwai wani mai kabu-kabu, amma shi don wasan karta ne.

Lawali: Kawu, ku kalli nawa, in kalli naku ba fassara.

Kawu Habu: Na yarda. Ka zo da shi bayan isha'i in akwai wuta. Sukari kuma naka ne.